Agwagi Malam Zai Kiwata?

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da na gaida surukina daga cikin akurkin kaji ba. Ba wai a tsaye nake a bakin akurkin ba, a'a. Kaina da kafaɗuna suna ciki, sauran jikina yana waje yana kallon jama'a. Shekara huɗu ke nan, amma har gobe in na ji an ce an saki ruwa a kanal, sai kunya ta lulluɓe ni kamar yau abin ya faru.

Bari in faro muku daga tushe. Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, irin yaran nan da ba su san kaza ba sai a cikin miya. Aikin koyarwa ne ya kawo ni Kura, kuma don Allah ku riƙe dariyarku tukuna: kimiyyar noma nake koyarwa a sakandare. Ina iya zana muku cikin kaza a allo, tun daga baki har inda ƙwai yake fitowa, amma a lokacin ban taɓa kama kaza mai rai da hannuna ba. (Na gwada sau ɗaya a kwaleji. Ita ta yi nasara.)

A nan na haɗu da Rabi, Allah ya yi aurenmu. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, manomin rani ne na gasken gaske, albasa da tumatir da shinkafa, dattijo mai tsadar magana. Shi ya yankar mana fili a gefen gonarsa, can bakin gari ta hanyar Bunkure, muka yi ɗaki biyu muka tare bayan an gama yankan shinkafa. Kun san yadda surukuta take a wajenmu, balle Rabi ita ce 'yar fari. Ko sunanta Baba ba ya kamawa, ni kuwa in muka haɗu a hanya, ni in tsugunna in kalli ƙasa, shi ya kalli wata bishiya, a gaisa a rabu.

Ranar ɗaurin aure na ji wani kawun Rabi yana cewa, bayan mun yi musabaha, "Kai, wannan hannu ai ko buhun auduga bai taɓa ɗauka ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a rai. Ba abin da nake so tun daga ranar irin Baba ya ga wani abu da na yi da hannun nan, ya gyaɗa kai. Gyaɗa kai ɗaya kawai nake nema, ba yabo ba.

Sai ga dama ta zo. Inna, mahaifiyar Rabi, ta ba ta kaji shida da zakara ɗaya, cikinsu har da wata tsohuwar kaza wake-wake da Rabi ta raina tun tana 'yar tsako. A madafi suke kwana, kullum da safe sai an sha shara da wanki. Na dubi Rabi na ce, "Daga wannan hutun, kajin nan sun daina kwanan haya. Zan gina musu akurki na zamani." Ta ce ko a kira mai gini. Na ce mai ginin ne yake mata magana.

A bayan ɗakinmu, inda ba mu kai ga yin katanga ba sai darnin kara, akwai wata 'yar doguwar hanya mai zurfi, faɗinta bai wuce taku biyu ba, zurfinta iya gwiwa. Ta bi ta ƙarƙashin wata darbejiya ta shige gonar Baba. Busasshiyar ciyawa da ledoji ne fal a cikinta, ƙasanta kuwa a daddaɓe, sumul. Ina ganinta na ce alhamdu lillahi, ga harsashi an haƙa mini kyauta, ga inuwa. In na gina a ciki, ɗakin zai yi ƙasa, zafin bazara ba zai dami kajin ba. Har na fara tunanin yadda zan bayyana wa ɗalibai wannan dabara.

Rabi ta fito ta tarar ina buga turaku.

"Malam, nan fa hanyar ruwa ce."

"Ta da," na ce. "Ta mutu. Sati shida muna gidan nan, kin ga ko ɗigo ɗaya?"

"Ba mutuwa ta yi ba. Babban kanal aka rufe ana yashe shi. In an gama..."

Na ɗaga mata hannu irin yadda nake yi wa 'yan aji biyu. Na zaro waya na nuna mata hotunan akurkin ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa daidai ba, na yi mata bayani a kan iska da danshi da zafin jikin kaza. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To, Malam." (Duk mai aure ya san "to" iri-iri ce. Ni a lokacin wata biyu da aure, guda ɗaya na sani.)

Na shiga aiki ba kama hannun yaro. Na kwaɓa ƙasa na buga tubali da kaina, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi, ina kallonsa ina jin daɗi. Guduma ta sami babban yatsana sau uku, har farcen ya yi baƙi, shi ma ban ɓoye shi ba, da shi nake nuna wa mutane hanya. Na toshe hanyar nan gaba da baya da tubali, na yaɓe da laka, ko tururuwa ba za ta wuce ba. Na sa tagar raga saboda iska, na rufa da tsohon kwano. Ƙofa kuwa da zakara na auna ta. Na riƙe shi, ko in ce Rabi ta riƙe shi, na gwada tsayinsa, na ƙara taƙi ɗaya don karamci. Ban tsaya na tambayi kaina ta ina mutum zai shiga ya yi shara ko ya ɗebo ƙwai ba.

Rana ta uku da fara ginin, sai ga Baba ya biyo ta wurin da shebur a kafaɗa, tare da Sale, maƙwabcinmu mai gonar tumatir a ƙasan ta Baba. Na yar da abin hannuna na tsugunna. Muka gaisa, aka tambayi gajiya da mutanen gida. Baba ya daɗe yana duban ginin, sannan ya ɗaga kai ya kalli darbejiya, ya ce da Sale:

"Sale, agwagi Malam zai kiwata ne?"

Tambayar ba ni aka yi wa ba, amma ina! Na riga Sale buɗe baki.

"A'a, Baba, kaji ne. Ai agwagwa ƙazanta gare ta, kuma sai da ruwa. Ita kaza wuri busasshe take so, shi ya sa na zaɓi nan."

Na ci gaba, ina tsugune, na yi wa mutumin da ya shekara arba'in yana kiwo lacca a kan yawan ƙwan da kaza take yi a wata. Wani tari ya sarƙe Sale, har sai da ya juya baya. Baba ya ce, "Allah ya ba da sa'a," suka wuce. Na shiga gida na gaya wa Rabi cewa Baba ya fara sha'awar aikin.

Kwana biyu bayan haka aka kawo mana wasu itatuwa huɗu masu gwafa, dogaye, masu ƙwari. Rabi ta ce, "Baba ne ya aiko. Wai ko Malam zai so ya ɗaga ɗakin kajin sama." Na ji daɗi ƙwarai da kulawar, amma na bayyana mata cewa ɗora akurki a kan itace tsohon yayi ne. Don kada kyautar ta tashi a banza, na kafa su a tsakar gida na ɗaura mata igiyar shanya. Ta dubi igiyar, ta dube ni, ta sake cewa, "To, Malam."

Da aka gama, na je injin casar shinkafa na ɗauko buhu biyu na buntu a bayan babur, na shimfiɗa a ciki, laushi kamar katifa. Kaji suka tare. Wake-wake ta zaɓi lungu ta hau kwanci a kan ƙwai goma sha ɗaya, a cikin wani tsohon kasko. Ni kuma na ga bai kamata irin wannan aiki ya wuce ba shaidu ba, sai na gayyaci abokan aikina biyu, malamin lissafi da malamin Turanci, su zo ranar Asabar da hantsi su gani. Na kuma ce da Rabi ta sanar da Inna, ko Baba zai biyo ta wurin.

Asabar ta zo. Na sa farar shaddata mai sitaci, wadda na yi angwanci da ita. Rabi ta dama kunu ta soya ƙosai, ta ce tana da magana, na ce bayan baƙi sun tafi. Muka zagaya baya, na tsaya a gaban akurkin ina nuni da baƙin farcena. Ina cikin bayanin tagar raga sai na ji Sale daga bayan darni.

"Malam, magana ɗaya."

"Sale, ina da baƙi. Ɗan jira ni."

"Malam, abin ba mai jira ba ne."

"Minti biyar, Sale, don Allah."

Ya ɗaga kafaɗa, ya sami tudu ya tsugunna, ya dafa sheburinsa kamar mai jiran a fara wasa.

Malamin lissafi ne ya fara ji. Ya ce, "Wai menene yake huci haka?" Muka waiwaya. Can daga sama, a cikin matacciyar hanyata, ga ruwa nan tafe, jajir da laka, yana tura busasshiyar ciyawa da ledoji a gabansa. Ba gudu yake ba. Tafiya yake a natse, irin ta mai gida da ya dawo daga tafiya. Ya iso bangon da na yaɓe, ya tsaya, ya fara taruwa yana hawa.

Ku tuna tubalin nan na ɗanyar ƙasa ne, ko wata bai yi ba. Kafin in gama salati ruwa ya sami hanya ta ƙarƙashi. Buntun da na shimfiɗa ya taso gaba ɗaya yana yawo a sama. Kaji suka fara fitowa ta ƙofa ɗaya bayan ɗaya da kururuwa, zakara a gaba (shi da aka auna ƙofar da shi, bai ko sunkuya ba), suka haye kwano. Na ƙirga: biyar da zakara. Daga bakin madafi na ji muryar Rabi.

"Malam, Wake-wake! Ba za ta bar ƙwanta ba!"

Ban yi tunanin shadda ba, wannan kam ku ba ni ladansa. Na faɗa cikin ruwan, na durƙusa, na cusa kai ta ƙofar. Kai ya shige. Na karkace, kafaɗu suka shige da ƙyar. Na miƙa hannu na cafko Wake-wake, ta sakar mini sara a hanci don godiya. Na cire hulata na kwashe ƙwan da hannuna ya kai gare su. Sai na ja da baya.

Ban fita ba.

Na sake ja. Katakon ƙofar ya riƙe ni a haƙarƙari tam. Gaba ba hanya, ƙugu ya hana, baya ba hanya, kafaɗu sun hana. Ruwa ya kawo mini gwiwar hannu, buntu yana shiga mini riga, kaza a hannun dama tana fiffika, hular ƙwai a hagu na ɗaga ta sama. Malaman nan biyu suka kama ƙafafuna, kowa ɗaya, suna ja, amma dariya ta cinye musu ƙarfi. Malamin Turanci har zama ya yi a ƙasa.

A daidai nan na ji sallama. Muryar da ko a cikin kasuwa zan gane ta.

Malamai suka saki ƙafafuna suka tsugunna. Ni kuwa al'ada ta ce in ga suruki in rusuna, to ga shi na riga na wuce rusunawa, ban san abin da ya rage in yi ba. Sai kawai na ji bakina yana cewa, daga cikin akurki:

"Ina kwana, Baba?"

"Lafiya lau, Malam. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya aiki?"

"Aiki da godiya, Baba."

Daga kan tudu Sale ya ce, "Malam, ya ruwa?" Kuma wallahi, tsabar sabo da gaisuwar damina, sai da na amsa masa, "Ruwa ya yi gyara."

Daga baya Rabi ta gaya mini cewa duk tsawon gaisuwar nan Baba darbejiya yake kallo, ko sau ɗaya bai sauke idonsa kan abin da yake waje na jikina ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya zagaya ta bayan akurkin, ya sa shebur sau uku a bangon baya. Bangon ya zube, ruwa ya wuce abinsa zuwa gona. Bangon gaba da ya riga ya jiƙe ya saki, na faɗo baya zaune a cikin laka, katakon ƙofa rataye a jikina, kaza a hannu, buntu har cikin kunne. Ƙwai bakwai na tsira da su. Kafin in share idona, Baba ya bi ruwansa ya yi nisa.

Da a nan labarin ya ƙare, da abin dariya ne kawai. Amma da la'asar, bayan na yi wanka na ɓuya a ɗaki, Sale ya yi sallama ya ce in zo in ga wani abu. Ya kai ni ƙasan gonar Baba. Fangali huɗu na sabon dashen albasa, duk sun kwanta, sun yi fari, sun bushe ƙayau. Ruwan yana kwance a kansu, amma ya makara.

"Sati biyu ke nan da buɗe babban kanal," in ji Sale. "Hanyar nan tamu Asabar-Asabar ake ba ta ruwa. Waccan Asabar ɗin Baba da kansa ya je ya toshe bakinta, ya roƙe ni in yi haƙuri. Na ce bari in je in gaya wa Malam ƙiri-ƙiri. Ya ce a'a, kada a kunyata shi, mai ilimi ne, zai gane da kansa."

Ya ce sati guda Baba yana ɗebo ruwa da bokiti daga wata hanyar ruwa ta gefe yana bai wa albasar, dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, ya ceci wadda ya iya. Shi Sale ya ari injin ban ruwa ya lallaɓa tumatirinsa, amma sati na biyu ya ce ba zai iya ba, ya je ya buɗe.

Kunyar safe ba komai ba ce a kan wadda na ji a bakin fangalin nan. Ta safe a fuska ta tsaya, wannan har cikin ciki na ji ta. Ina can ina neman ya gyaɗa mini kai, shi yana nan yana jan bokiti don kada a ce mijin 'yarsa bai san hanyar ruwa ba. Ya tambaya, ya aiko da itace, 'yarsa ta faɗa mini da baki, ni kuma na ba kowa lacca.

Washegari na je gida na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na tsugunna daga nesa, na fara jero ban haƙurin da na shirya. Bai bari na kai tsakiya ba.

"Albasa ce, Malam. Ana sake dasawa."

"Baba, in an yarda, ni zan dasa."

Ya dubi ƙotar. "Akwai sauran iri. Gobe bayan asuba."

Kwana uku na yi a duƙe a fangalin nan, yana gaba ina biye, ba wanda ya kalli wani. Layina na farko sai da aka tumɓuke aka sake, na biyu ma haka. A rana ta uku ya tsaya a kan wanda na gama, ya duba daga wannan kai zuwa wancan. Sai na ga hularsa ta yi ƙasa ta dawo, sau ɗaya. Na koma gida bayana kamar zai karye, ina murmushi ni kaɗai a hanya.

Sabon akurkin a kan itatuwan nan huɗu yake, can nesa da darbejiya, kuma ƙofarsa da ni aka auna ta. (Rabi ta yi asarar igiyar shanya, ta ce ta yafe.) Wake-wake ta ƙyanƙyashe biyar daga cikin bakwai ɗin nan, jikokinsu ne suke tashina yanzu. Malamin lissafi kuwa bai iya riƙe sirri ba. Har yau in na juya ina zana kaza a allo, sai na ji wani daga bayan aji ya ce a hankali, "Malam, ya ruwa?"

Bayan an cire albasa, wata safiya Rabi ta shigo ɗaki tana danne dariya, ta ce in fito an yi mini aike. A tsakar gida na tarar da kwando, a ciki agwagi biyu, mace da namiji, suna kallona.

"Baba ne ya aiko," in ji ta. "Wai ko Malam zai sake sha'awar gini a wurin nan."

Yanzu sun kai goma sha uku, kuma duk Asabar su ne farkon masu tarbar ruwa. Ni dai abin da na koya shi ne, in dattijo ya yi tambaya yana kallon bishiya, ba amsa yake nema ba, ya riga ya san ta. In kuma matarka ta ce maka "to, Malam" sau biyu a kan abu ɗaya, ajiye guduma ka je ka duba inda ruwa yake bi.